Fentin kurom na gwangwani a kan sassan Peugeot 504: zai yi aiki ko asarar kuɗi ce?

Magajin 504, Kaduna:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana fenti da gyaran jikin mota da ke wannan zaure. Ina kan aikin farfaɗo da wata Peugeot 504 ƙirar Kaduna wadda ta daɗe a ajiye, kuma burina shi ne ta koma kamanninta na asali gwargwadon abin da aljihu zai iya ɗauka. An kammala inji da giya da birki, mai gyaran jiki ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi ya yi walda, yanzu ana shirin shiga fenti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sassan nan masu ƙyalli, domin duk wanda ya san 504 ya san cewa da su take yin kwarjini.

Ga halin da suke ciki. Bambar gaba da ta baya sun dushe, sun sha ƙarzuwa, kuma akwai ɗige-ɗigen tsatsa a kusa da inda aka ɗaure su da noti. Murafun taya ma haka suke. Mariƙan ƙofa sun yi ƙuraje, wasu ƙurajen har sun fashe sun bar ƙananan ramuka masu launin toka. Siraran layukan ƙyalli da suka kewaye agogunan dashbod, waɗanda a kan roba suke, sun goge har baƙin ƙasa ya bayyana. Sai kuma fitilu: kwanon da ke cikin fitilun gaba ya yi duhu daga sama, na fitilun baya kuwa kusan babu sauran haske a jikinsa.

Wani mai shagon fenti ya nuna mini gwangwanin feshi na kurom, wato fentin da yake kwaikwayon farin ƙarfen nan mai sheƙi da ake lulluɓe sassan mota da shi, murfinsa yana sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa a ciki, ya ce idan na sayi 'yan ƙwarori zan gama dukkan waɗannan sassa a wuni guda, sannan in bi su da kiliya, wato fentin nan marar launi da ake rufe fenti da shi, domin su daɗe. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da neman wasu sassan, sai dai sauƙin nan ne ya sa nake ɗari-ɗari. Shin abin da zai fito a jikin bamba zai yi kama da abin da ke jikin murfin? Idan ya yi, zai jure rana da ƙurar hunturu da wankin mota? Kuma ya halatta a fesa shi a cikin fitilar gaba? Ina roƙon wanda ya taɓa aiki da shi da hannunsa ya yi mini bayani kafin in kashe kuɗi.

Tsohon Mai Fenti, Kano:

Wa alaikumus salam. Malam Magaji, Allah ya ba da sa'a, kuma ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka fesa, domin cire wannan fenti daga jikin bamba ya fi fesa shi wahala.

Zan fara da murfin gwangwanin. A mafi yawan lokuta ba da fentin da ke ciki aka yi masa wannan sheƙi ba. Roba ce da aka lulluɓe da ƙarfe a masana'anta. Abin da ke cikin gwangwanin kuwa babu kurom a cikinsa ko kaɗan. Ɓarɓashin alminiyam ne masu faɗi da tsananin siranta, an cuɗa su da ɗan danƙo da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Idan ka fesa, ɓarɓashin nan suna tasowa saman fentin tun yana ɗanye, kamar yadda ƙaiƙayi yake tasowa idan ana wanke hatsi, su kwanta jere da juna, kuma wannan kwanciyar tasu ita ce take ba da ƙyallin. Daga nan duk matsalolinsa suke fitowa. Tunda a sama suke, babu abin da ya rufe su, saboda haka idan ka ɗora yatsa sai shatinsa ya zauna, idan ka goga tsumma sai ka ga toka-toka a jikin tsumman, idan fetur ya ɗiga sai wurin ya narke. Idan kuma ka ce bari ka kare su da kiliya, tinar da ke cikin kiliyar za ta jiƙa su ta tayar da su daga kwanciyarsu, wasu su karkace wasu su nutse, sai ka wayi gari da launin toka irin na kwanon rufi. Na ga wannan ya faru a hannun yara masu koyo da kuma a hannun ƙwararru, domin ba laifin hannu ba ne, halin fentin ne. Ka bar shi tsirara ya goge, ka rufe shi ya mutu.

Kada ka tsaya a kan maganata kawai. Ka sayi gwangwani ɗaya da cokulan roba guda uku, ka fesa bayansu a bar su su bushe sosai. Na farko ka bar shi a waje rana da raɓa su same shi, kana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya. Na biyu ka fesa masa kiliya. Na uku ka ɗiga masa fetur. Kafin mako ya zagayo za ka sami amsar tambayoyinka da idonka.

Amma akwai maganar da ta fi wannan muhimmanci, kuma ita ce ta sa na zauna rubutu. Kafin ka yi tunanin shafa wa bambar nan komai, ka fara gano irin ƙarfen da aka yi ta da shi. Peugeot a zamanin 404 da 504 ta yi suna wajen yin bamba da murafun taya da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ba baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin kurom ba kamar yadda ake gani a motoci da yawa na wancan lokaci. Idan bambarka ta asali ce, to ƙyallinta yana cikin naman ƙarfen, gogewa kawai take buƙata, kuma fesa mata fenti zalunci ne. Sai dai motar da ta yi shekaru a kan titi ba mamaki an taɓa sauya mata bamba, don haka ka kwance ta ka duba bayanta. Idan ka ga ƙarfe mai launin toka, babu ɓawon tsatsa, to albishirinka. Idan ka ga bayan ya ci tsatsa ja, gaban kuma yana ɗagowa yana ɓarewa, to mai rufi ce. Ɗige-ɗigen da ka ambata kusa da noti ba su tayar mini da hankali ba, domin sau da yawa tsatsar notin ce da ta ƙarfen da ke riƙe da bambar take zubowa ta ɓata fuskar.

Idan ka tabbatar ba mai rufi ba ce, ga yadda muke yi. A wanke da sabulu a cire maiƙo. Inda ƙarzuwa ta yi zurfi a fara da samfefa mai lamba 400, sauran wurare a fara da 600 ko 800, a yi ta hawa zuwa 1200 da 1500 har 2000, duk da ruwa, kuma duk lokacin da aka sauya lamba a sauya fuskar gugar, domin a gane ko shatin lambar baya ya ɓace. Daga nan sai injin guga mai ƙyalle da sabulun gugar ƙarfe, ba tare da an tsaya wuri ɗaya har ƙarfen ya yi zafi ya sauya launi ba. Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada soson ƙarfe na wanke tukunya ko burushin waya ya taɓa ta, saboda suna barin ƙananan ɓarɓashin baƙin ƙarfe a jiki, kuma su ne za su yi tsatsa da zarar damina ta sauka. Haka nan kada samfefa ta taɓa ta kafin ka tabbatar, domin idan mai rufi ce, shafa kaɗan za ta huda rufin.

Malamin Kimiyya, Zariya:

Baba mai fenti ya gama magana a kan gwangwani, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni zan ƙara bayani ne a kan abin da ake ƙoƙarin kwaikwaya, domin idan aka fahimci yadda kurom na gaske yake, za a ga dalilin da ya sa fenti ba zai kamo shi ba.

Rufin kurom da ake yi wa sassan mota aikin lantarki ne. Ana goge ƙarfen har ya yi sumul, a tsoma shi a kwatami mai sinadari a saki wuta, ƙarfen da ke narke a cikin ruwan ya riƙa manne masa. A aiki mai kyau jan ƙarfe ake fara ɗorawa domin ya cike ƙananan ramuka, a sake gogewa, sannan nikel, sannan kurom a ƙarshe. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa nikel ɗin ne yake ɗauke da mafi yawan sheƙin da kuma kariya daga tsatsa. Kurom ɗin da ke sama kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, aikinsa shi ne ya ba da tauri, ya hana nikel dushewa, ya kuma kawo ɗan launin shuɗi-shuɗin nan da ido yake gane kurom da shi. Tun daga ƙarshen shekarun 1920 masana'antun mota suka koma wannan hanya, bayan sun daɗe suna amfani da nikel zalla wanda yake yin rawaya-rawaya idan ba a goge shi kullum. Saboda haka abin da ido yake gani a jikin kurom shimfiɗar ƙarfe ce guda ɗaya marar yankewa, fenti kuwa tarin gutsattsari ne, kuma duk yadda suka jeru akwai gaɓa tsakaninsu da take warwatsa haske.

Ina gargaɗi da babbar murya kada wani ya ce zai haɗa kwatamin kurom a gida ko a gareji. Sinadarin da aka saba amfani da shi yana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, tururinsa yana cin cikin hanci, ruwansa kuma idan ya shiga ƙasa yana gurɓata rijiyoyi. A Tarayyar Turai tun 2017 ba a amfani da shi sai da izini na musamman, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin ya ƙara tsada.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ake yawan rikita su da fentin gwangwani. Ta farko ita ce wadda ake gani a bidiyoyin intanet, inda mutum yake fesa wani ruwa kamar ruwan sha, nan take abu ya koma madubi. Wannan ba fenti ba ne, azurfa ce ta gaske, kuma asalin dabarar ita ce wadda Bajamushen nan Justus von Liebig ya bayyana a 1835, wadda daga baya aka riƙa yin madubai da ita. Ana fara shimfiɗa fenti mai tsananin santsi a bar shi ya bushe sarai, a jiƙa shi da sinadarin kuza, sannan a fesa ruwan azurfa da wani ruwan da yake sauke ta a lokaci guda, ana ɗauraya da tataccen ruwa. Daga ƙarshe dole a rufe da kiliya, galibi mai ɗan launin shuɗi ko shunayya domin a kashe rawayar da kiliya take jawowa. Yana da kyau ƙwarai a ido, amma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin kiliyar da ke samansa ba. Da zarar tsakuwa ta fasa ta, iska ta sami azurfar, sai baƙi ya fara bin gefe. Ruwan azurfar da aka haɗa kuma ba a ajiye shi, domin idan ya daɗe yana iya haifar da wani abu mai fashewa. Hanya ta biyu ita ce wadda ake narkar da alminiyam ya zama tururi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ya sauka a jikin abu. Da ita ake yin ƙyallin roba na cikin mota da kwanon fitilu.

Wannan ya kawo ni kan tambayarka ta ƙarshe, Malam Magaji, kuma a nan ba na sassautawa. Kada ka fesa wannan fenti a cikin fitilar gaba. Kwanon fitila an lanƙwasa shi ne da lissafi domin ya tattara hasken ƙwai ya jefa shi nesa a kan titi, kuma rufin alminiyam ɗin da ke jikinsa yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na hasken ta fuskar da aka nufa. Fenti zai warwatsa hasken, ka ga fitila tana haske idan ka tsaya a gabanta, amma direba ba ya ganin nesa, mai tahowa kuma ana kashe masa ido. Ban da haka, ƙwan fitila mai wat 55 zuwa 60 yana da zafin da zai sa fentin ya yi tururi ya dusashe gilashin ta ciki. Wanda zai bi hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare bai kamata ya yi gwaji da fitilarsa ba. Ka nemi fitilu masu lafiyayyen kwano, sababbi ko na hannu, kuma idan ka samu kada ka goge cikin kwanon da tsumma, domin rufin yana da laushi ƙwarai.

Ƙarin bayani ɗaya a kan gane ƙarfen bamba: wasu za su ce ka gwada da maganaɗisu, amma wannan gwaji ba ya yanke hukunci, saboda akwai nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa wanda maganaɗisu yake kamawa. Duba bayan da Baba ya faɗa ya fi inganci.

Ɗan Damagaram:

Ina gaida dattawan zaure. Ban saɓa wa abin da aka faɗa a kan bamba da fitilar gaba ba, amma ina ganin an yi wa gwangwanin nan hukunci mai tsauri, har mai karatu zai ɗauka ba shi da amfani sam. Yana da wurinsa, kuma Malam Magaji ya lissafa wurare biyu da ya dace da su: layukan da suka kewaye agogunan dashbod da cikin fitilun baya. Waɗannan wurare hannu ba ya kai musu, ruwa ba ya dukansu, fetur ba ya zuba a kansu, kuma ba a buƙatar kiliya. Fitilar baya ba ta jefa haske nesa, aikinta a gan ta ne kawai, ƙwanta ma wat 21 ne na birki da wat 5 na hasken dare, don haka kwanon da aka fesa wa kurom na gwangwani ya fi wanda ya yi baƙi nesa ba kusa ba. A nan wajenmu, inda 504 ta yi shekaru tana jigilar mutane tsakanin garuruwa, na ga da yawa da fitilar birkinsu ba ta ganuwa da rana saboda wannan dushewar kaɗai.

Mafi yawan waɗanda suke kuka da shi tun daga shiri suke ɓata aikin. Wannan fenti ba ya ɓoye aibi, tona shi yake yi, duk wani shatin samfefa da ke ƙasa sai ya fito. Ni abin da nake yi shi ne in wanke abin in cire maiƙo, in fesa faraima, wato fentin shimfiɗa, idan roba ce, in goge da samfefa mai laushi, sannan in fesa baƙin fenti mai sheƙi in bar shi ya bushe sarai, ba bushewar taɓawa ba. Sheƙin baƙin nan shi ne ma'aunin abin da za ka samu a ƙarshe. Sai in girgiza gwangwanin sosai, in tsaya da tazarar santimita 20 zuwa 30, in yi shafa marar kauri sau ɗaya ko biyu in tsaya. Wanda ya yi ta ƙarawa yana neman ƙarin ƙyalli, raguwa zai gani. Lokacin feshi ma yana da muhimmanci a ƙasarmu. Da tsakar ranar bazara fentin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin abu, ya sauka da kaushi. Da hunturu kuma ƙura ce take sauka a kansa. Da sassafe, a cikin ɗaki mai samun iska wanda aka yayyafa wa ruwa a ƙasa, ya fi. Bayan an gama a bar shi kwanaki, kuma a ɗaura shi da safar hannu, ana riƙe gefe.

Ga layukan dashbod, idan sirara ne ƙwarai, akwai alƙalamin kurom da masu haɗa ƙananan motocin ado suke amfani da shi, wanda ya fi feshi sauƙin sarrafawa, ko da yake shi ma ba ya son taɓawa.

Magajin 504, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba na kwance bambar gaba. Bayanta toka-toka ne, babu ɓawon tsatsa, sai dai ƙarafan da ke riƙe da ita da notocin ne suka ci tsatsa sosai. Na gwada man goge ƙarfe a wani lungu da ba a gani, tsumman ya yi baƙi, wurin kuma ya fito da haske har ina ganin giftawar hannuna. Murafun taya ma haka suka nuna. Ta baya ce ta bambanta, domin bayanta ja ne da tsatsa, kuma a kusurwa ɗaya rufin ya ɗago har farce yana shiga ƙarƙashinsa, ga alama an taɓa sauya ta.

Gwajin cokula ma na yi. Wanda aka bari haka ya yi ƙyalli mai kyau a ranar farko, ko da yake bai kai murfin gwangwanin ba, fuska tana fitowa a cikinsa dishi-dishi, kuma goge-gogen safiya ya fara dusashe shi. Mai kiliya ya koma launin toka tun kafin ya bushe. Na fetur kuwa, inda ɗigon ya sauka farar robar ce ta bayyana.

Yanzu na yanke shawarar goge bambar gaba da murafun taya, in nemi wasu fitilun gaba, in yi amfani da gwangwanin a dashbod da fitilun baya yadda ɗan'uwa na Damagaram ya tsara. Saura bambar baya da mariƙan ƙofa. Baba, idan ban sami masu yin rufin kurom da zan amince da aikinsu ba, mene ne mafita? Shin a cike ramukan mariƙan da fila a fesa musu wani abu, ko a haƙura da su?

Tsohon Mai Fenti, Kano:

Madalla, Malam Magaji, haka ake so. Game da bambar baya, shawarata ita ce ka nemo ta asali irin ta gaban. PAN, wato masana'antar Peugeot ta Najeriya, ta fara haɗa motoci a Kaduna tun 1975, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa, don haka ƙasar nan tana cikin wuraren da sassanta suka fi yawa. Ka zagaya kasuwar Panteka tunda kana kusa, ko ka sa a duba maka a kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano. Wadda ta dushe ko ta ɗan lotsa kada ta ba ka tsoro, ana buga ta a goge. Wadda ta tsage ko aka taɓa yi mata walda ita za ka guje wa. Ka tafi da tsumma da man guga, ka juya bayanta ka duba kafin ka biya.

Mariƙan ƙofa kuwa labarinsu daban ne. Ƙurajen da ka kwatanta alama ce ta ƙarfen zubi mai tutiya, wanda yake ruɓewa daga ƙarƙashin rufin ya turo shi sama. Guga ba ta maganinsa, kuma ko masu rufin kurom sai sun kware tsohon rufin, sun rarake kowane rami sun cike shi, kafin su ɗora sabo, abin da ya sa kuɗin aikin yakan fi kuɗin wasu mariƙan. Ka fara neman na hannu masu lafiya. Idan ba a samu ba, to a goge su har a kai ƙarfe mai kyau, a rarake ramukan a cire tokar da ke ciki, a fesa faraima mai kama ƙarfe, a cike, a daidaita, sannan a fesa fentin silba na mota mai laushin ƙwaya a rufe da kiliya mai hadna, wato wadda ake haɗa ta da ruwan da yake taurara ta. Ba zai zama kurom ba, kuma wanda ya matso zai gane fenti ne, amma zai jure hannu da zufa da wanki na shekaru, abin da na gwangwani ba zai yi ba ko na wata guda a wurin da ake kamawa kullum. Ni a wurina silba mai tsafta wadda ba ta ɓoye cewa fenti ce ta fi kurom na ƙarya da ya fara gogewa.

Ka kula da lafiyarka da ta yaran da za su taya ka. Gugar tsohon rufi da tsohon fenti a yi ta da ruwa domin kada ƙurar ta tashi. Kiliya mai hadna kuma tana da sinadarin da yake kama huhu ya jawo asma, kuma ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare shi, saboda haka a ba wa mai rumfar fenti da takunkumin da aka yi domin wannan aiki.

Kafin ka mayar da bambar gaba, ka kankare ƙarafan da ke riƙe da ita, ka shafa musu faraima da baƙin fenti, ka sauya notocin da waɗanda ba sa tsatsa, in ba haka ba jan ruwan nan zai sake zubowa a kan gugar da ka sha wahala a kanta. Dukkan sassan ƙyalli kuma ka naɗe su a tsohon bargo ka ajiye nesa da wurin feshi, kada a ɗaura ko ɗaya sai fentin jikin motar ya gama bushewa an yi masa gugar ƙarshe.